Robert Bosch: Ɗan manomin da sunansa ya bi fulogi ya zaga duniya

Duk wanda ya taɓa sammako zai tafi ofis ko kasuwa, ya murɗa makullin mota ta yi ta kuka ta ƙi tashi, ya san darajar fulogi. Ɗan ƙaramin abu ne da tsawonsa bai fi na yatsa ba, amma ranar da ya gaza, mota komai tsadarta sai ta koma tulin ƙarfe a ƙofar gida. Haka abin yake ga babur da A Daidaita Sahu da ƙaramin janareton da mai shago ke dogaro da shi idan an ɗauke wuta. Daga cikin sunayen da ake gani a jikin fulogi a shagunan kayan gyaran mota akwai Bosch. Da yawa sun ɗauka sunan kamfani ne kawai, alhali sunan wani mutum ne da ya rayu shekara 80 a ƙasar Jamus. Ya fara da shago mai ma'aikata biyu, ya kusa karyewa, ya yi arziki, ya rabar da mai yawa daga cikinsa, sannan ya ƙare rayuwarsa a ƙarƙashin mulkin da ya tsana amma masana'antarsa ke yi wa aiki.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Robert Bosch ranar 23 ga Satumba, 1861, a ƙauyen Albeck da ke kusa da birnin Ulm a masarautar Württemberg, a kudancin Jamus ta yau. Shi ne na 11 cikin 'ya'ya 12 da iyayensa suka haifa. Mahaifinsa, Servatius Bosch, manomi ne mai rufin asiri, kuma yana da masaukin baƙi a bakin hanyar da fatake da masu keken doki ke bi. Mutum ne mai yawan karatu da son adalci, halin da ɗansa ya gada. A shekarar 1869 ya sayar da gonarsa da masaukin ya koma Ulm da iyalinsa, domin ya hango cewa jirgin ƙasa zai ɗauke matafiyan da ke kawo masa ciniki.

A Ulm Robert ya yi makaranta har zuwa 1876. Bai kasance cikin zakarun aji ba, lissafi ma wahala yake ba shi, kuma zuciyarsa ta fi karkata ga nazarin tsirrai da dabbobi. Bisa shawarar mahaifinsa ya shiga koyon sana'ar ƙera ƙananan na'urori, inda ya yi shekara uku. Bai ji daɗin wannan zama ba, saboda maigidan nasa ba ya zama a shago, kuma ba ya damuwa da ko yaransa sun iya aiki ko ba su iya ba. Wannan abu ya tsaya masa a rai. Shekaru da yawa bayan haka, a 1913, ya buɗe sashe na musamman a masana'antarsa domin koyar da yara sana'a yadda ya kamata, don kada su sha abin da ya sha.

Bayan ya gama koyon sana'a ya shiga yawon neman ƙwarewa, kamar yadda masu sana'ar hannu ke yi a Jamus a wancan zamani. Ya yi aiki a birane daban-daban, ciki har da kamfanin Fein a Stuttgart da na Schuckert a Nuremberg, ya yi aikin soja na shekara ɗaya, sannan ya zauna zango guda yana sauraron darussa a kwalejin fasaha ta Stuttgart, inda ya saba da harshen masana lantarki. A 1884 ya shiga jirgin ruwa zuwa Amurka. A birnin New York ya yi aiki a masana'antar Thomas Edison, ya ɗanɗana zaman rashin aiki, ya kuma shiga wata ƙungiyar ma'aikata. Daga nan ya wuce Ingila a 1885, ya yi aiki da kamfanin Siemens Brothers a Landan, kafin ya koma gida.

Shagon bayan gida

Ranar 15 ga Nuwamba, 1886, yana ɗan shekara 25, ya buɗe shagonsa na ƙera ƙananan na'urori da aikin lantarki a wani tsakar gida da ke birnin Stuttgart. Jarinsa mak 10,000 ne, daga gadon mahaifinsa da ya mutu a 1880. Ma'aikatansa biyu ne, ƙwararre ɗaya da yaro ɗaya. Ba ya zaɓen aiki. Yana haɗa wayar tarho, yana sa ƙararrawar lantarki a gidaje, yana gyara duk na'urar da aka kawo masa. Daga baya ya sayi keke domin ya riƙa zagayawa wurin abokan cinikinsa da wuri, abin da ya jawo masa kallo a gari, domin keke baƙon abu ne a lokacin.

Shekaru goma na farko ba su zo masa da sauƙi ba. Kuɗin da ya samu sai ya zuba su a sayen sababbin injuna, aiki kuma wata rana akwai, wata rana babu. Sau da dama sai da 'yan uwansa suka tallafa masa da rance. A 1892 abin ya yi tsanani har ya sallami ma'aikata 22 daga cikin 24 da yake da su. Ɗan kasuwar da ya taɓa kwana yana lissafin yadda zai biya yaran shago a ƙarshen wata zai fahimci halin da ya shiga.

Sai dai tun a 1887 wani aiki ya shigo shagon da bai san shi ne zai zama arzikinsa ba. Wani mai ƙera injuna ya nemi ya kwaikwayo masa wata na'urar kunna inji irin wadda kamfanin Deutz ke amfani da ita. Sunanta magneto. Bosch ya fara tabbatar da cewa babu wanda ya yi rajistar mallakar fasahar, sannan ya ƙera ta, ya kuma inganta ta da maganaɗisu mai siffar kofaton doki, wanda ya sa ta fi sauƙi da ƙarfi. A hankali wannan na'ura ta zama babban abin da shagon ke sayarwa, amma ga injunan girke kawai, irin waɗanda ake kafawa a masana'antu.

Matsalar da ta hana mota tafiya

Injin fetur yana aiki ne da ƙananan fashe-fashe. Iska da fetur suna gauraya su shiga silinda, fistin ya matse su, a kunna musu wuta, ƙarfin fashewar ya tura fistin ƙasa. Tambayar da ta addabi masu ƙera motocin farko ita ce yadda za a kunna wutar a daidai lokacin da ake bukata, sau ɗaruruwa a cikin minti ɗaya, ba tare da kuskure ba.

Gottlieb Daimler ya yi amfani da wani ɗan bututu da ake gasawa da harshen wuta daga waje har ya yi ja. Hanyar tana aiki, amma ajiye wuta a buɗe kusa da fetur wasa ne da rai, kuma iska na iya hure ta a kan hanya. Carl Benz ya bi hanyar batir, sai dai batiran wancan zamani ba sa daɗewa suke ƙarewa, kuma babu abin da ke yi musu caji yayin da mota ke tafiya. Ita kuwa magneto da kanta take samar da wutarta, ta hanyar motsa naɗin waya a tsakanin maganaɗisu. Aibinta shi ne nauyi. Ta dace da injin girke mai juyawa a hankali, amma ba za ta iya bin saurin injin abin hawa ba.

A 1897 wani Baturen Ingila mai suna Frederick Simms ya aiko wa Bosch wani babur mai ƙafa uku ƙirar De Dion-Bouton ta Faransa, ya nemi a sa masa magneto. Injin wannan babur yana juyawa kusan sau 1,800 a minti ɗaya. Shugaban ma'aikatan shagon, Arnold Zähringer, shi ya samo mafita. Maimakon a riƙa motsa naɗin wayar mai nauyi, sai ya bar shi a tsaye, ya sa wani siririn kwanson ƙarfe yana kai da komo a kewayensa. Da wannan dabara magneto ta hau abin hawa. Shekara ɗaya bayan haka Bosch da Simms suka buɗe ofishin sayarwa a Landan, sannan wani a Paris a 1899. A 1901 Bosch ya tare a masana'antarsa ta farko da ya gina da kansa a Stuttgart.

Duk da haka da sauran rina a kaba. Magneton Zähringer wutarta ba ta da ƙarfin da za ta yi tsalle ta tsallaka tazara. Dole sai an sa wasu sandunan ƙarfe masu motsi da ke haɗuwa su rabu a cikin silinda, rabuwar tasu ce ke haifar da tartsatsi. Sandunan suna saurin lalacewa, kuma kowane irin inji sai an ƙera masa nasa. Wanda ya kawar da wannan cikas shi ne Gottlob Honold, wanda ya fara shiga shagon Bosch a matsayin yaron koyon sana'a a 1891, ya tafi ya yi karatun injiniya, ya dawo a 1901. Cikin 'yan watanni ya ƙera magneto mai naɗin waya biyu, wadda ke ɗaga ƙarfin wuta zuwa dubban bolt. Da irin wannan ƙarfi ba a bukatar wani abu mai motsi a cikin silinda. Waya ɗaya ta isa ta kai wutar zuwa fulogi, ita kuma ta yi tsalle tsakanin ƙarafa biyu da ke tsaye cik. An yi rajistar wannan fasaha ranar 7 ga Janairu, 1902.

A nan ya kamata a bai wa kowa haƙƙinsa. Ba Bosch ne ya fara tunanin fulogi ba, domin tun a 1860 Étienne Lenoir ya yi amfani da wani nau'insa a injinsa mai aiki da iskar gas. Kuma ba hannun Bosch ne ya zana na'urar 1902 ba, aikin Honold ne. Baiwar Bosch ita ce gane mutanen da suka fi shi sani, da ba su wuri da kayan aiki, da kuma nacewa a kan cewa babu abin da zai fita daga masana'antarsa sai an gwada shi an tabbatar da ingancinsa. A shekarar farko fulogi kusan 300 kacal aka ƙera.

Ɗan ƙaramin abu mai babban aiki

Siffar fulogi ba ta sauya sosai ba tun daga wancan lokaci. Akwai ƙarfen tsakiya da wuta ke bi, akwai farin tangaram da ya lulluɓe shi don kada wutar ta zurare, akwai gangar jiki mai zare da ake ɗaurawa a kan inji, sannan akwai ɗan lanƙwasasshen ƙarfe a ƙasa. Tazarar da ke tsakanin wannan ƙarfe da na tsakiya, a yawancin motoci, tana kamawa daga milimita 0.7 zuwa 1.1. A nan tartsatsin ke tashi. Motocin yau sun bar magneto sun koma batir da kwayil, amma ƙananan janareto da babura da yawa har yanzu da ɗiyar magneto suke tashi. Injin dizal kuwa ba ya amfani da fulogin tartsatsi sam, domin zafin matsewar iska ne ke kunna mansa.

Wahalar da fulogi ke sha ba kaɗan ba ce. A injin mota, kowane fulogi yana yin tartsatsi sau ɗaya a duk juyi biyu. Idan inji na juyawa sau 3,000 a minti, fulogi ɗaya zai yi tartsatsi sau 1,500, wato sau 25 a kowace daƙiƙa, cikin zafi da matsi. Kowane tartsatsi yana ɗan cin bakin ƙarfen. Da tafiya ta yi tafiya sai bakin ya dakushe, tazarar ta buɗe, wutar da ake bukata ta ƙaru, har kwayil ya fara gazawa. Daga nan mota ke fara wahalar tashi da safe, tana karkarwa idan tana tsaye, tana fizga a kan hanya, ga shan mai fiye da ƙima.

Gogaggen bakanike yakan karanta lafiyar inji a bakin fulogi, kamar yadda likita ke duba harshen majinyaci. Idan bakin ya yi launin ƙasa-ƙasa ko toka-toka kuma a bushe yake, inji na ƙona mai daidai. Idan ya yi baƙi da busasshiyar kunkunniya, fetur ya fi iska yawa, wataƙila matatar iska ta toshe da ƙura. Idan ya jiƙe da baƙin mai, to mai na tsallakowa cikin silinda, alamar ringin fistin ko robobin bawul sun gaji, kuma sabon fulogi ba zai warkar da wannan ba. Idan kuwa ya yi fari fat ko ya fara narkewa, zafi ya yi yawa, kuma jinkiri na iya kaiwa ga huda fistin.

Sauya fulogi ma yana da ƙa'ida. Ana barin inji ya huce, a share ƙurar da ke kewaye da ramin don kada ta faɗa cikin silinda, a riƙa cirewa ɗaya bayan ɗaya domin kada wayoyi su rikice. Sabon fulogi da hannu ake fara ɗaura shi, sai ya zauna daidai sannan a sa sifana, kuma ba a matse shi fiye da kima, domin kan injin motocin yanzu na alminiyum ne, zarensa ba ya jure ƙarfi. Fulogi na gama-gari yakan yi kimanin kilomita 30,000, mai bakin iridiyom kuma yakan kai 100,000, amma littafin motar ne ke da magana ta ƙarshe. Haka kuma ba kowane fulogi ne ya dace da kowane inji ba, ko da zarensu ɗaya. Wani yana saurin fitar da zafi, wani yana riƙe shi. Wanda ya yi wa inji sanyi zai tara kunkunniya, wanda ya yi masa zafi zai kunna mai kafin lokaci. Shi ya sa lambar da ke jikin fulogi ta fi kyan kwalinsa muhimmanci, kuma jabu mai araha yakan ja wa mai mota asarar da ta ninka abin da ya yi tattali.

Arziki da haƙƙin ma'aikata

Tseren motoci ne ya fara tallata sunan Bosch. A 1903 Camille Jenatzy, ɗan ƙasar Beljiyam, ya lashe gasar Gordon Bennett a ƙasar Ayalan da motar Mercedes mai ɗauke da magneton Bosch. A 1906 wakilin kamfanin, Gustav Klein, ya je Amurka ya dawo da odar kaya ta sama da dala miliyan ɗaya, kuma a 1912 aka buɗe masana'anta a Springfield da ke jihar Massachusetts. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kusan kashi 88 cikin 100 na cinikin kamfanin a wajen Jamus ake yin sa.

Bosch bai manta da zamansa na ɗan ƙwadago ba. A 1906 ya mayar da aiki awa takwas a rana, a lokacin da awa goma ko fiye ne aka saba. A 1910 ya ba ma'aikata hutun yammacin Asabar. Yana biyan albashi mai tsoka, kuma ra'ayinsa shi ne kyakkyawan albashi ne ya kawo masa arziki, ba arzikin ne ya sa yake biya da kyau ba. Sauran masu masana'antu suka laƙaba masa sunan Jan Bosch, suna nufin ya karkata ga 'yan gurguzu. Amma ba sadaka yake yi ba. Mutum ne mai tsanani da saurin fushi, wanda ba ya lamuntar aikin ganin ido ko fitilar da aka bari a kunne ba dalili. Ya lura cewa ma'aikacin da ya huta ya fi yin aiki mai kyau, kuma tsarin awa takwas ya ba shi damar jera ma'aikata kashi-kashi injuna su yi ta aiki. Wata aƙidarsa da aka fi saninsa da ita ita ce asarar kuɗi ta fi masa sauƙi a kan asarar amanar abokin ciniki.

Wannan bai hana shi karo da ma'aikatansa ba. A 1913 rikici ya ɓarke tsakaninsa da ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe kan albashi da saurin aiki da korar wasu ma'aikata. Aka shiga yajin aiki, shi kuma ya rufe masana'antar na tsawon makonni. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har ya shiga ƙungiyar masu masana'antu da a da yake nesanta kansa da ita.

Yaƙi da rashi

Yaƙin da ya ɓarke a 1914 ya rufe masa kasuwannin waje dare ɗaya. Masana'antar ta koma yi wa sojojin Jamus aiki, kuɗi suka riƙa shigowa, amma Bosch bai yarda ya ci ribar jini ba. Ya bayar da kimanin mak miliyan 20 ga ayyukan jama'a, mafi yawansu domin aikin gyara kogin Neckar ya zama hanyar jiragen ruwa, ya kuma mayar da wani ginin masana'antarsa asibitin sojojin da suka ji rauni. Bayan Amurka ta shiga yaƙin, gwamnatinta ta ƙwace masana'antar Springfield da sunan kamfanin ta sayar wa wasu. Domin a bambanta kayansa da na masu amfani da sunansa, Honold ya zana tambarin da ake gani har yau a 1918, wato hoton cikin magneto a tsakiyar da'ira.

A gida ma bai huta ba. Ya auri Anna Kayser a 1887, suka haifi 'ya'ya huɗu, ɗaya ta mutu tana jaririya. Ɗansa namiji, Robert, wanda ya sa ran zai gaje shi, ya kamu da ciwon da ke lalata jijiyoyi, ya yi jinya ta shekaru, ya mutu a 1921. Baƙin cikin wannan rashi ya raba zukatan iyayen, auren ya mutu a 1927. A shekarar ya auri Margarete Wörz, wadda ta haifa masa namiji da mace. Honold kuma ya riga ya mutu a 1923 yana da shekara 46.

Duk da haka kamfanin ya farfaɗo, domin ya gane haɗarin dogaro da kaya iri ɗaya, musamman da masu ƙera motoci suka fara komawa ga batir mai araha. Ya riga ya fara yin fitilun mota a 1913 da na'urar tayar da inji a 1914. Sai ya ƙara da hon a 1921, da waifa a 1926, da famfon injin dizal a 1927, wanda ya ba manyan motocin ɗaukar kaya damar yin amfani da dizal. Daga baya aka shiga yin na'urorin aikin hannu masu lantarki da firiji. Tun daga 1921 kuma aka fara buɗe garejoji masu ɗauke da sunan kamfanin, domin wanda ya sayi kaya ya sami inda za a gyara masa. A 1926 Bosch ya miƙa ragamar yau da kullum ga wasu amintattunsa, ciki har da Hans Walz.

A ƙarƙashin 'yan Nazi

Babin ƙarshe na rayuwarsa shi ne mafi nauyi. Bosch mai goyon bayan dimokuraɗiyya ne, ya kashe kuɗi da lokaci wajen neman sulhu tsakanin Jamus da Faransa, kuma yana adawa da ƙyamar Yahudawa. Da Adolf Hitler ya hau mulki a 1933, ya gana da shi da fatan zai jawo hankalinsa ga zaman lafiya, ya fito ba tare da ya sami komai ba.

Daga nan shi da na kusa da shi suka shiga taka rawa biyu. A 1937 kamfanin ya ɗauki Carl Goerdeler, tsohon magajin garin Leipzig, a matsayin mai ba da shawara. Wannan muƙami ya ba shi kuɗi da hujjar tafiye-tafiye zuwa ƙasashen waje, inda ya riƙa gargaɗin gwamnatoci game da nufin Hitler, yana kuma haɗa kan masu adawa a cikin gida. Walz ya yi amfani da kuɗin kamfanin wajen taimaka wa Yahudawa su tsere daga ƙasar, abin da ya sa cibiyar Yad Vashem ta karrama shi a 1969. Goerdeler kuwa an kashe shi a watan Fabrairun 1945, bayan yunƙurin hallaka Hitler na watan Yulin 1944 ya ci tura.

Ɗaya fuskar ba ta da daɗin ji. Jiragen yaƙi da tankoki da motocin sojan Hitler da kayan Bosch suke tashi. An gina sababbin masana'antu domin wannan aiki a kusa da Berlin da kuma Hildesheim. Walz da kansa yana riƙe da katin jam'iyyar Nazi. A tsawon yaƙin, kamfanin ya yi amfani da mutane kimanin 20,000 da aka tilasta wa aiki, ciki har da fursunonin yaƙi da na sansanonin azabtarwa. Mutumin da ya yi suna wajen mutunta ma'aikaci, a masana'antunsa aka sa bayin Allah aikin bauta. Masana tarihi na ci gaba da auna waɗannan fuskoki biyu, kuma babu wadda ta shafe ɗaya.

Mutuwarsa da abin da ya bari

A watan Afrilun 1940 ya buɗe asibitin da ya gina wa birnin Stuttgart, wanda har yau ke ɗauke da sunansa. Ya mutu ranar 12 ga Maris, 1942, sakamakon ciwon kunne da ya yi tsanani. Gwamnatin da ya ƙi jini ta karɓe jana'izarsa ta mayar da ita bikin ƙasa, domin ta nuna wa duniya cewa nata ne. Bayan shekara biyu, bama-bamai suka rusa babban ɓangare na masana'antunsa na Stuttgart.

Tun a 1938 ya rubuta wasiyyarsa, inda ya nemi kamfanin ya ci gaba da tsayawa da ƙafarsa, ribarsa kuma ta amfani jama'a. A 1964 magadansa da masu kula da wasiyyar suka cika wannan buri. A yau sama da kashi 90 cikin 100 na hannun jarin kamfanin yana hannun gidauniyar Robert Bosch, wadda ke kashe rabonta a kan lafiya da ilimi da binciken kimiyya. Gidauniyar ba ta da ƙuri'a a harkar gudanarwa, wata majalisar amintattu ce ke riƙe da wannan iko. Wannan tsari ya hana a yi wa kamfanin rabon gado ko a sayar da shi a kasuwar hannun jari, matsalar da ta sha cinye dukiyar manyan attajirai da zarar ƙasa ta rufe musu ido.

Motoci masu aiki da lantarki ba sa bukatar fulogi, kuma wata rana zai iya zama kayan tarihi kamar bututun Daimler. Kafin wannan rana ta zo, miliyoyin injuna a birane da ƙauyuka za su ci gaba da tashi kowace safiya da tartsatsin da Honold ya hore a masana'antar Bosch a farkon shekarar 1902.